Amsoshin Wasiƙunku: Shin Dokar Kare Bayanai Ta Turai Tana Hawa Kan Ɗan Kasuwar Da Ke Wata Ƙasa?

A wannan fili muka saba kawo muku a rubuce amsoshin da aka bayar ta rediyo ga tambayoyin da kuka aiko. A wannan mako tambaya ɗaya ce za ta cinye filin baki ɗaya, saboda tana da rassa, kuma ba mutum ɗaya ne ya aiko da irinta ba.

TAMBAYA

Tambayar ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, baduku a birnin Kano. Bayan gaisuwa, malamin ya ce sana'arsa ita ce ɗinkin jakunkuna da takalma da alabe na fata, kuma ɗansa ya buɗe masa shafi a intanet inda ake tallar kayan. To ciniki ya buɗe, har sukan sami masu saye daga Jamus da Faransa, waɗanda kan aiko da sunansu da adireshinsu da lambar waya don a aika musu da kaya. Ana nan sai wata mata daga Jamus ta rubuto masa cewa ya goge duk bayananta da ke hannunsa, ta ce dokar Turai ta ba ta wannan haƙƙi, in kuwa bai yi ba za ta kai ƙara gaban hukuma. Shi ne yake so a bincika masa, yaya za a yi dokar Turawa ta hau kansa alhali yana zaune a Kano, bai taɓa taka ƙasarsu ba? In kuma ya ƙi, me za su iya yi masa? Wani mai sauraronmu daga Maraɗi a Jamhuriyar Nijar shi ma ya aiko da makamanciyar wannan tambaya, yana cewa shafinsa da Faransanci aka rubuta shi, shin wannan kaɗai ya isa dokar ta kama shi?

AMSA

To Malam, mun gode ƙwarai da wannan tambaya. Amsar a gajarce ita ce, e, dokar tana iya hawa kanka ko da ba ka da ko rumfa a Turai, amma fa ba kan kowane ɗan kasuwa take hawa ba. Abu biyu ake dubawa: inda mai sayen yake zaune lokacin da ake cinikin, da kuma ko kai ne ka nufe shi da hajarka tun farko. Bari mu warware maka zare da abawa.

Dokar da wannan baiwar Allah take nufi ita ce babbar dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, wadda aka fi sani da GDPR a taƙaice. An zartar da ita a watan Afrilun 2016, aka ba kamfanoni shekaru biyu su kimtsa, sa'an nan ta fara aiki ranar 25 ga watan Mayun 2018. Tana da sassa 99, kuma tana aiki kai tsaye a cikin ƙasashe 27 na Tarayyar, haɗe da wasu ƙasashe uku irin su Norwe, waɗanda ba sa cikin Tarayyar amma suna cikin kasuwarta ta bai ɗaya. Ita ce ta maye gurbin wani tsohon umarni na 1995, wanda aka rubuta shi lokacin da intanet bai gama kafa ƙafa ba.

Watakila ka ce, me ya yi zafi haka a kan suna da adireshi? Ai abin yana da tarihi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da sojojin Hitila suka mamaye ƙasar Holan a 1940, sun tarar da rajistar jama'a mai tsari ƙwarai, wadda ta nuna har addinin mutane. Da ita aka yi amfani wajen farautar Yahudawa, inda aka halaka kusan kashi uku cikin huɗu na Yahudawan ƙasar. Bayan yaƙi kuma, 'yan sandan ciki na tsohuwar Jamus ta Gabas, wato Stasi, suka tara fayil a kan miliyoyin 'yan ƙasarsu. Saboda haka da kwamfuta ta fara shiga ofisoshin gwamnati, sai Turawa suka sha jinin jikinsu. Jihar Hesse ta Jamus ita ce ta fara kafa dokar kare bayanai a duniya a 1970, ƙasar Suwidin ta bi a 1973, Faransa kuma ta kafa tata a 1978 tare da hukumar da ake kira CNIL. A wajensu kare bayanan mutum yana cikin haƙƙoƙin ɗan'adam, har an rubuta shi a cikin kundin haƙƙoƙi na Tarayyar.

To mene ne bayanan mutum a idon wannan doka? Duk wani abu ne da za a iya gane wani rayayyen mutum da shi: sunansa, adireshin gidansa, lambar wayarsa, adireshin imel, hotonsa, lambar katin shaidarsa, inda wayarsa ta nuna yake, har da lambar da ke nuna kwamfutarsa a intanet. Akwai kuma waɗanda aka fi tsanantawa a kansu, kamar bayanin lafiyar mutum, addininsa, ƙabilarsa, ra'ayinsa na siyasa da zanen yatsarsa. Karɓar bayanan, ajiye su, aika su ga wani, duk dokar ta kira su sarrafawa. An dai keɓe abin da mutum ya ajiye don harkar gidansa kawai, kamar lambobin 'yan'uwa da abokai da ke cikin wayarsa. Amma da zarar ciniki ya shigo, dokar ba ta ce ƙaramin ɗan kasuwa ya tsira saboda ƙanƙantarsa ba.

Yanzu sai mu zo kan gundarin tambayarka. Sashe na 3 na dokar shi ne ya faɗi iyakar inda hannunta ke kaiwa, kuma manyan ƙofofin da ya buɗe guda uku ne.

Ƙofa ta farko ita ce wadda kowa zai gane ba wahala. Idan kamfani yana da ofis ko reshe ko wani tsayayyen wakilci a cikin Tarayyar, kuma ana sarrafa bayanai dangane da aikin wannan reshe, to dokar ta hau kansa, ko da kwamfutocin da ake aikin da su suna can Amurka ko Indiya. An gwada wannan a kotu tun kafin sabuwar dokar ta zo. Wani ɗan ƙasar Sifaniya ya yi ƙorafi cewa duk wanda ya rubuta sunansa a Google sai ya ga wata tsohuwar sanarwa ta jarida ta 1998 a kan gwanjon kadararsa saboda bashi, alhali an daɗe da kashe maganar. Google ya ce ai shi kamfanin Amurka ne, reshensa na Sifaniya tallace-tallace kawai yake sayarwa. Ranar 13 ga watan Mayun 2014 Kotun Shari'a ta Tarayyar Turai ta ce a'a, kuɗin tallan da reshen ke samowa su ne ke riƙe da na'urar binciken, ba a raba hanta da jini, don haka dokar Turai ta hau kansa. Kai Malam tunda ba ka da reshe a can, wannan ƙofa ba ta shafe ka ba.

Ƙofa ta biyu ita ce taka. Dokar ta ce ko da kamfani ba ya da komai a Tarayyar, idan yana tallata kaya ko wani aiki ga mutanen da ke cikin Tarayyar, to ta hau kansa, ko ana biyan kuɗi ko kyauta ne. A nan akwai abu biyu da ya kamata ka lura da su sosai.

Na ɗaya, dokar cewa ta yi mutanen da ke cikin Tarayyar, ba ta ce 'yan ƙasa ba. Wato ba fasfo ake dubawa ba. Bakano da ke karatu a Barlin, in ya yi odar takalmi daga shafin da ke neman masu saye a Jamus, dokar ta ba shi kariya daidai da Bajamushe. Bajamushen da ke zaune a Kano kuwa, in ya shigo shagonka ya sayi jaka ya bar maka lambar wayarsa, wannan doka ba ruwanta da cinikinku, dokar Nijeriya ce ke aiki. Haka kuma Baturen da ya zo yawon buɗe ido ya shiga Kasuwar Kurmi ya yi sayayya.

Na biyu, sai an ga alamar cewa da gangan ka nufi mutanen can. Gabatarwar dokar, a sakin layi na 23, ta faɗa ƙarara cewa don kawai ana iya buɗe shafinka daga Turai, ko don ka sa adireshin imel da kowa zai iya rubuto maka, wannan bai isa ba. Haka nan yin amfani da harshen da aka saba amfani da shi a ƙasarku bai isa ba. To ka ji amsarka, mai sauraronmu na Maraɗi: tunda Faransanci harshen aiki ne a Nijar, rubuta shafi da shi kaɗai ba ya nuna cewa mutanen Faransa ko Beljiyam kake nema. Haka Ingilishi yake ga ɗan Nijeriya ko ɗan Gana. Alamomin da ake dubawa su ne irin waɗannan: ka sa farashi da kuɗin Yuro, ka fassara shafin da Jamusanci ko Italiyanci a kuma iya yin oda da su, ka rubuta kuɗin aika kaya zuwa Jamus kaza, zuwa Faransa kaza, ka biya kuɗi a Facebook ko Google don a nuna tallarka ga mazauna can, ka sa lambar waya ta wata ƙasar Turai, ko ka riƙa buga yabon da masu sayenka na Turai suka yi maka don jawo wasu. Ba lalle alama ɗaya ta isa ba, haɗa su ake yi a auna.

Majalisar da ta haɗa hukumomin kare bayanai na ƙasashen Tarayyar ta fitar da wata takardar jagora a watan Nuwamban 2019, inda ta kawo misalai. A ciki akwai misalin wani shafi a Turkiyya da ke haɗa wa mutane littafin hotunan iyali, an rubuta shi da harsunan Turai har huɗu, ana biya da Yuro, kuma ƙasashen Turai ake kai wa kayan. Majalisar ta ce wannan dokar ta hau kansa ba shakka. Akwai kuma misalin wani banki a Taiwan da ke hulɗa da mazauna Taiwan kaɗai, amma a cikinsu akwai masu fasfo ɗin Jamus. Wannan ta ce dokar ba ta hau kansa ba. Haka idan aikinka na mutanen ƙasarku ne, sai ɗaya daga cikinsu ya tafi hutu Faris ya ci gaba da amfani da shi a can, wannan tafiya tasa ba ta jawo maka dokar ba.

To auna kanka da wannan ma'auni, Malam. In da sau ɗaya ne wani ya yi tuntuɓe da shafinka ya roƙi ka aika masa da jaka, da sai mu ce da wuya a ce ka nufi kasuwar Turai. Amma tunda ka ce masu saye daga Jamus da Faransa sun zama abin yau da kullum, ka sa ɗanka ya duba shafin. In akwai farashin Yuro, ko an jera waɗannan ƙasashe a cikin wuraren da kuke kai kaya, ko kun taɓa biyan kuɗin talla don mazauna can, to ka ɗauka cewa dokar ta hau kanka a kan bayanan waɗannan masu saye. Ba ta shafi bayanan masu sayenka na Kano da Kaduna ba.

Ƙofa ta uku ita ce ta bin diddigi. Idan kamfanin waje yana lura da halayen mutane a cikin Tarayyar, wato yana bin sawunsu a intanet don ya san abin da suke so da inda suke zuwa, ya tara musu bayani don ya riƙa jefa musu talla, to shi ma ya shigo. Nan ne maganar 'yan alamomin nan da ake kira kukis take shigowa, waɗanda shafi ke dasawa a wayar mai ziyara. Yawancin masu ƙananan shafuka ba su ma san an dasa musu irin waɗannan abubuwa ba, domin wanda ya gina shafin ne ya sa. Yana da kyau a tambaye shi.

Har ila yau akwai wata hanya ta bayan gida da dokar ke shigo wa mutum, wato ta yarjejeniya. Alal misali, wani kamfanin Jamus ya ba matasa a Kano ko Accra kwangilar shigar da bayanan abokan cinikinsa a kwamfuta. Dokar ta hana shi fitar da bayanai zuwa ƙasar waje sai da kariya. Akwai ƙasashen da Tarayyar ta amince cewa dokokinsu sun wadatar, irin su Japan da Koriya ta Kudu da Ajantina da Birtaniya, amma Nijeriya da Nijar ba sa cikin jerin. Saboda haka sai kamfanin ya sa ɗan kwangilar ya sa hannu a kan wasu tsayayyun sharuɗɗa da Hukumar Tarayyar ta tsara, waɗanda aka sabunta a watan Yunin 2021. Wanda ya sa hannu kuwa ya ɗaure kansa, in ya saɓa ana iya kai shi kotu.

To idan dokar ta hau kanka, me take so ka yi? Abubuwan ba su fi ƙarfin mai ƙaramar sana'a ba. Ka rubuta a shafinka, da harshe mai sauƙi, wane ne kai, waɗanne bayanai kake karɓa, don me, wa kake ba, kuma har yaushe za ka ajiye su. Kada ka karɓi abin da ba ka bukata; mai sayen alabe ba sai ka san ranar haihuwarsa ba. Adireshin da aka ba ka don kai kaya, kada ka mai da shi na aika talla ba da izini ba, balle ka sayar wa wani. Ka tsare bayanan da lambar sirri mai ƙarfi, kada su riƙa yawo a wayoyin yaran shago. In aka yi satar bayanan ko suka ɓace ta yadda zai iya cutar da masu su, dokar ta ce a sanar da hukuma cikin sa'o'i 72 da ganowa.

Dangane da wannan mata kuwa, abin da ta nema yana cikin sashe na 17, kuma an ba ka wata ɗaya ka ba ta amsa, kyauta ba da kuɗi ba. In kayanta sun isa, ta biya, babu sauran wata rigima tsakaninku, to ba ka da dalilin riƙe bayananta. Ka goge su daga shafin da imel da waya, ka rubuta mata cewa an yi. Amma wannan haƙƙi yana da iyaka. In kayan suna hanya, ko akwai bashi a kanta, ko akwai taƙaddamar da za ta iya kai ku kotu, kana iya riƙe abin da ya shafi wannan magana kaɗai, ka kuma bayyana mata dalili. Abin da ba a so shi ne ka yi mata shiru, domin shirun ne ke kai mutane ofishin hukuma.

Akwai kuma sashe na 27, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba. Ya ce kamfanin waje da dokar ta hau kansa ya naɗa wakili a rubuce a ɗaya daga cikin ƙasashen da masu sayensa suke, wanda hukuma da jama'a za su iya tuntuɓa. An ɗauke wa wanda harkar tasa ta jefi-jefi ce, ba ta ƙunshi bayanai masu nauyi da yawa ba, kuma ba ta da haɗari ga mutane. Sai dai hukumomin Turai suna ƙuntata ma'anar jefi-jefi, wanda ke ciniki da su kowane mako ba zai fake da ita ba. Akwai kamfanoni a Turai da sana'arsu ke nan, a biya su kuɗi a shekara su zama wakilai.

Yanzu sai kashi na biyu na tambayarka, in ka ƙi me za su iya yi? A kan takarda dai hukuncin yana da tsanani. Tarar tana iya kaiwa Yuro miliyan 20, ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara a duniya baki ɗaya, duk wanda ya fi yawa. Ƙananan laifuffuka kuma rabin haka. Wannan shi ne ƙololuwa, dokar ta ce a duba girman laifi da halin mai laifin kafin a yanka. Manyan kamfanoni sun ɗanɗana kuɗarsu. A watan Janairun 2019 hukumar CNIL ta Faransa ta ci Google tarar Yuro miliyan 50. A watan Mayun 2023 hukumar ƙasar Ailan ta ci kamfanin Meta, mai Facebook, tarar Yuro biliyan 1.2 saboda kai bayanan Turawa Amurka. A watan Mayun 2025 ita dai wannan hukuma ta ci TikTok tarar Yuro miliyan 530 dangane da bayanan da ake iya gani daga ƙasar Sin. Amma ka lura, waɗannan duk suna da ofisoshi da dukiya a Turai, akwai inda za a kama su.

Wanda ba shi da komai a can fa? Nan ne gizo ke saƙa. Akwai wani kamfanin Amurka mai suna Clearview AI, wanda ya kwashi biliyoyin hotunan fuskokin mutane daga intanet ya haɗa na'urar gane fuska yana sayar wa jami'an tsaro. A 2022 Italiya da Girka da Faransa kowace ta ci shi tarar Yuro miliyan 20. Kamfanin ya ce shi ba ya da ofis ko abokin ciniki a Tarayyar, don haka dokar ba ta shafe shi ba. Da bai bi umarnin Faransa ba, a 2023 hukumar CNIL ta ƙara masa Yuro miliyan 5.2, sa'an nan a watan Satumban 2024 Holan ta yanka masa Yuro miliyan 30.5. Haka a 2021 hukumar Holan ta ci wani shafi mai suna Locatefamily.com tarar Yuro 525,000 saboda kawai bai naɗa wakili a Turai ba, yana buga adireshin mutane ba su da inda za su je su ce a cire. Abin da waɗannan shari'o'i suka nuna shi ne, yanka tara daban, karɓo ta daban. Hukumar Jamus ba ta da ikon aiko ɗan sanda Kano, kuma ba a tilasta wa kotun wata ƙasa ta karɓo wa Turai kuɗin tara.

Ita kanta Kotun Tarayyar ta yarda cewa hannun dokar yana da iyaka. A watan Satumban 2019, a wata shari'a tsakanin Google da hukumar CNIL, ta yanke cewa in an umarci Google ya cire sunan mutum daga sakamakon bincike, a shafukansa na ƙasashen Tarayyar ne wajibin yake, dokar ba ta tilasta masa yin haka a duniya baki ɗaya ba.

To amma kada wannan ya sa ka miƙe ƙafa. Mai ƙaramar sana'a ba tara ce babbar barazanarsa ba, rufewar kasuwa ce. Manyan shafukan da ake baje haja a kansu, da kamfanonin da ke karɓar maka kuɗi, su suna ƙarƙashin dokar, kuma in ƙorafi ya yi yawa a kanka suna iya rufe maka asusu. Dillalin Turai da zai sayi kayanka a sari zai so ya ga ka san abin da kake yi. Mai saye guda da ya fusata kuma yana iya ɓata maka suna a gaban dubu. Wasu ma sun ga cewa gara su haƙura da kasuwar. Ranar da dokar ta fara aiki a 2018, manyan jaridun Amurka irin su Los Angeles Times da Chicago Tribune toshe shafukansu suka yi ga masu karatu na Turai, saboda ba su shirya ba. Wannan ma hanya ce, wanda ba ya son dokar sai ya daina neman masu saye a can. Amma wanda yake son Yuro, sai ya bi ƙa'idar masu Yuro.

Bugu da ƙari, ba Tarayyar Turai kaɗai ke da irin wannan dogon hannu ba. Birtaniya ta fice daga Tarayyar ranar 31 ga watan Janairun 2020, amma ta riƙe kwatankwacin dokar a matsayin tata, inda tara ke iya kaiwa fam miliyan 17.5 ko kashi 4 cikin 100. Dokar Barazil da ta fara aiki a 2020, da ta ƙasar Sin da ta fara aiki ranar 1 ga watan Nuwamban 2021, duk suna hawa kan kamfanin waje da ke neman mutanensu. Dokar Saudiyya da ta fara aiki a watan Satumban 2023 ita ma ta shafi na waje da ke sarrafa bayanan mazauna ƙasar, abin da ya kamata 'yan kasuwarmu masu hulɗa da can su sani. Amurka kuwa ba ta da babbar doka guda ta ƙasa baki ɗaya a kan wannan fanni, jihohi ne ke yin nasu, kamar Kalifoniya wadda tata ta fara aiki a farkon 2020, kuma ta fi shafar manyan kamfanoni.

Wani abin da zai ba ka sha'awa, Malam, shi ne ƙasarku ma haka take yi wa na waje. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar kare bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Sashe na 2 na dokar ya ce tana hawa kan wanda ke zaune ko yake aiki a Nijeriya, tana kuma hawa kan wanda ba ya Nijeriya amma yana sarrafa bayanan mutumin da ke cikinta. A watan Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 bayan binciken yadda Facebook da WhatsApp ke yi da bayanan 'yan Nijeriya, kuma a watan Afrilun 2025 kotun sauraron ƙararraki ta wannan fanni ta tabbatar da tarar. Ka ga ke nan abin da ya yi Hassan shi ya yi Husaini. Ma'anar wannan a gare ka ita ce, ko da dokar Turai ba ta hau kanka ba, ta gida ta riga ta hau, tunda a Kano kake sarrafa bayanan, kuma ita ma ta ba mutum haƙƙin neman a goge bayanansa. Nijar tana da tata dokar tun 2017 tare da hukumar HAPDP, Gana kuwa tun 2012.

Shawararmu dai ita ce, ka ba matar nan amsa cikin ladabi kafin wata ya cika, ka goge abin da ba ka bukata. Sa'an nan ku zauna da ɗanka ku yanke shawara, shin kasuwar Turai kuke nema da gaske? In ita kuke nema, a gyara shafin, a rubuta sanarwar nan da muka ambata, a duba maganar wakili. In harkar ta girma ko wani kamfani ya kawo muku takardar yarjejeniya, ku nemi lauyan da ya san wannan fanni ya karanta kafin a sa hannu, domin bayanin da muka yi na gaba ɗaya ne, kuma kowane ciniki da yadda yake. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.

Da fatan masu tambaya sun gamsu. Masu sauraro, a ci gaba da aiko mana da tambayoyi, a kuma riƙa rubuta su a fili yadda za su karantu.